Rigar sanyi ta ragu bayan wanki: da wace kalma za mu kira shi?

'Yan uwa masu saƙa, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Kalmar "shrinkage" da muke gani a jikin takardar zare, me za mu ce mata da Hausa? Mu daina ara, muna da abin faɗa.

Ga matsalar. Kin saƙa wa yaro suwaita da zaren auduga, ta zauna masa cif. Wanki ɗaya, sai ga cibiya a waje, hannun riga ya tsaya can sama da wuyan hannu. Dalili shi ne ana kaɗa auduga ne a miƙe, a ɗaure tamau. Da ta sha ruwa sai silin ya kumbura, ya saki jiki, ya koma tsawonsa na asali. Ruwan zafi yana ƙara abin. Zaren roba da muke kira ulu a kasuwa ba ya yin haka, shi ya sa da yawa ba su san da zancen ba sai sun taɓa auduga.

Wata yayarmu ta ce tsukewa. Yaya, kalmar ta yi kyau, amma tsukewa ta faɗi ce, kamar bakin jaka in an ja igiya. Saƙar auduga kuwa ta fi raguwa a tsawo, wani lokaci ma faɗinta buɗewa yake yi. Raguwar tsawon nan ai tana da sunanta tun tuni: riga ta ɗangale. Kowa ya san ɗangalallen wando.

Yamutsewa ban yarda da ita ba sam. Abin da ya yamutse guga na gyara shi, wannan kuwa ya tafi ke nan.

Don haka ga abin da na tsayar: babban suna ƙanƙancewar wanki, domin ya haɗa tsawo da faɗi, kuma ya nuna musabbabi. In ana bayani dalla-dalla, ɗangalewa ga tsawo, tsukewa ga faɗi.

Amfaninsa a aiki: kafin ki fara riga, saƙa ɗan gwaji da ya ɗara santimita 10 kowane gefe, ki auna, ki wanke shi yadda uwar yaro za ta wanke, ya bushe, ki sake aunawa. In 10 ta koma 9, rigar da kike so ta tsaya a 30 sai ki saƙa 33 da ɗoriya.

Akwai kuma audugar nan mai sheƙi da ake jiƙawa da soda, dabarar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Ita ƙanƙancewar wankinta kaɗan ce. Ita ma tana neman suna. Ni zare mai sheƙi nake ce mata, amma mutanen Zinder da Maraɗi, ku yaya kuke faɗa?