Wane kwano zan ɗora: alminiyom, na ƙarfe ko mai tsakuwa?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar rufi. Gini ya kai linta, kafinta yana jirana, amma na kasa tsai da magana kan kwano.

Gidan da nake ciki yanzu kwanon ƙarfe ne mai rufin zinki. Da na hau na duba, duk bakin ƙusa ya yi jan tsatsa, ta nan ruwa yake bi har ya ɓata silin. Abin da nake gudu ke nan.

Hankalina ya fi karkata ga dogon alminiyom, tunda ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma falle ɗaya zai sauko daga tsororuwa har ƙasa ba gami. Sai dai yana da laushi, kuma yana miƙewa da zafi kusan ninki biyun ƙarfe. Shin wannan motsin ba zai buɗe ramin ƙusa ba bayan 'yan shekaru? Kuma kaurin milimita 0.45 ya wadatar, ko sai 0.55?

Mai tsakuwa a jiki kuwa ya burge ni don ba ya ƙara idan ana ruwa. Amma kafinta ya ce yana cin katako, kuma yana son rufi mai tudu, nawa kuwa a kwance yake sosai.

Wanda ya zauna ƙarƙashin ɗayansu shekara goma, don Allah me ya fara lalacewa: fenti, ƙusa ko wajen gami?