Sate ɗin Indonesiya tsire ne ko ba tsire ba ne?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i abokan Umara suka ja ni wani gidan abinci na 'yan Indonesiya a nan Makka, aka kawo mana abin da suke kira sate. Wallahi tsire ne kawai. Nama a tsinke, an gasa a garwashi, ga gyaɗa. Zaƙi kaɗai suka ƙara masa, kuma a bakina zaƙin ya rage masa armashi.

Maman Yara: Wa alaikumus salam. Haba ƙanena, ai ba hanya ɗaya ake bi da gyaɗar ba. Mu ƙuli-ƙuli muke dakawa, wanda an riga an matse mansa, a haɗa da citta da barkono, a turmusa naman a ciki tun bai ga wuta ba. Su kuwa soya gyaɗar suke yi su niƙa da manta, su dafa ta zama miya mai kauri, sai an sauke nama a kwarara a kai. Zaƙin da ka ji kecap manis ne, baƙin ruwan waken soya da ake dafawa da sukarin kwakwa. Ɗaya busasshe, ɗaya jiƙaƙƙe, ta yaya za su zama abu guda?

Baba Alhaji: Hajiya, ni ina bayan yaron nan. Gidanmu mahauta ne, a bakin tukuba na tashi. In nama ya hau tsinke ya sha garwashi da gyaɗa, sunansa tsire. Sai dai yankan ya bambanta: namu fale-fale ne, nasu 'yan ƙananan gutsattsari.

Ɗalibi a Jakarta: Baba, da izininka. Sate ba iri ɗaya ba ne. Mai miyar gyaɗa da Yaya ya ci ya yi kama da na tsibirin Madura, wanda ya fi yaɗuwa. Na birnin Padang da ke yammacin tsibirin Sumatra miyarsa rawaya ce, ta garin shinkafa da kurkur da romon nama, ba a gina ta kan gyaɗa ba. A Bali kuma, inda mabiya Hindu suka fi yawa, akwai sate babi, na alade ne, sai matafiyi ya riƙa tambaya. Ita gyaɗar ma daga Kudancin Amurka ta zo mana, mu da su duka.

Maman Yara: To ka ji. Da tsinke ɗaya ka yanke wa abincin mutum sama da miliyan 270 hukunci. Ka ɗanɗana rendang kuwa?

Ɗan Zariya: A'a Anti, na dai gan shi a faranti, baƙi-baƙi, ban taɓa ba.

Ɗalibi a Jakarta: Shi ya kamata ka fara ci. Naman shanu ne na mutanen Minangkabau, ƙabilar da ke yammacin Sumatra, ana dafa shi sa'o'i cikin madarar kwakwa da kayan yaji har ruwan ya tsotse, man ya fito ya soya shi. Shi ya sa yake kwanaki bai lalace ba, matafiyansu ke guzuri da shi.

Baba Alhaji: Wannan kam ba mu da shi, na yarda.

Ɗan Zariya: Gobe in Allah ya kai mu zan koma in nemi rendang da na Padang ɗin. Amma na Madura, Anti ki yi haƙuri, har yanzu tsire nake kiransa.