Ya zan koya wa yara Sifaniyanci a gida alhali ni ma ban iya ba?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Maigidana yana aiki a Saragosa can Sifaniya shekara shida kenan, yanzu takardunmu sun kusa fitowa za mu bi shi ni da yara biyu, babban shekara 9 ƙaramar 6. Ya ce a watan Satumba ake komawa makaranta kuma muna sauka za a sa su, to abin da ke hana ni barci kar su shiga aji su zauna kamar kurame. Na sauke musu manhajar koyon harshe ta Duolingo amma wallahi danne-danne kawai suke, in na ce ya ake cewa ruwa sai su tsaya kallona. Ni kuma banda hola da gracias ba abin da na sani.

Hajiya ta Basalona:
Wa alaikumussalam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, yaro ba kamar mu ba ne. Tawa tana 7 muka zo, kafin shekara ta zagayo ita ke min tafinta a asibiti. Amma satin farko na sha kuka, ta dawo gida da jiƙaƙƙen wando saboda ba ta san yadda za ta ce wa malama tana jin fitsari ba, ta matse ta matse har abin ya ƙwace mata. Don haka ki bar wani cat da dog, ki fara da abin da zai fitar da su kunya: ¿puedo ir al baño? (zan iya zuwa bayi), tengo sed (ina jin ƙishirwa), me duele la barriga (cikina na ciwo), no entiendo (ban gane ba), sai no como cerdo wato ba na cin alade, wannan kam su haddace shi kamar karatun allo saboda abincin makaranta. Ki kunna musu katun ɗin Pocoyó a YouTube na Sifaniyanci, maganarsa a hankali take. Kuma ki gode Allah Saragosa za ku, mu nan yawancin darasi da Katalan ake yi, harshe biyu yaran suka kama lokaci guda.

Ɗan Malabo:
Hajiya ta gama magana. Ni a Ikwatoriyal Gini na koya wajen kasuwanci, ba aji ba malami. Abin da zai ba ki mamaki karatunsa ya fi Turanci sauƙi nesa ba kusa ba, wasula biyar ne a e i o u irin namu, yadda aka rubuta haka ake faɗa, sai dai h ba a furta ta, hola ola ake cewa, ñ kuma kamar ny. Ki samu salatef ki manna suna a jikin kayan gida, la puerta a ƙofa, la silla a kujera, el vaso a kofi. Ki rubuta da la da el ɗin, su ma suna da namiji da tamace kuma yawanci mai ƙarewa da a mace ce kamar Hausa. Inda Bahaushe ke faɗuwa p ne, ni na daɗe ina zuwa sayen burodi ina cewa fan maimakon pan ana min dariya. R ɗinmu mai kaɗa harshe kuwa riba ce, da ita ake raba pero (amma) da perro (kare).

Malam Zinder:
To ni tambayata ina baban nasu? Mutum shekara shida a ƙasar, ai shi ne malamin. In ya kira bidiyo da dare ya ware minti goma ba Hausa, ya tambaye su me suka ci, su ƙirga masa uno dos tres. Sannan Maman Hanif ki zauna ki koya tare da su, ke ce za ki je taron iyaye ba su ba.

Hajiya ta Basalona:
Malam nan gaba ma Hausar za ta nema, nawa yanzu in na yi musu magana da Sifaniyanci suke amsa min, kakarsu ta kira daga Katsina sai eh da a'a.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri, na sayo salatef har firij bai tsira ba. Jiya Abban nasu ya gwada, ƙaramar ta ce masa tengo sed ta je ta ɗauko ruwa da kanta tana dariya. Hajiya dan Allah abincin makarantar dole ne ko za su iya dawowa gida su ci?