Ina ya dace a je kallon tsuntsaye a kewayen Sakkwato a ƙarshen damina?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato, kuma ina da niyyar fitar da wasu ɗalibaina kallon tsuntsaye tsakanin ƙarshen Agusta da tsakiyar Satumba. An gaya mini cewa a wannan lokaci ne tsuntsayen da ke yin ƙaura daga Turai suke fara isowa, shi ya sa na fara tunanin madatsar ruwa ta Goronyo, tun da ita ce ruwa mafi girma da muke da shi a jihar. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: shin madatsar ce ta fi dacewa, ko kuwa gonaki da fadamun da ke kusa da gari sun wadatar? Kuma waɗanne tsuntsaye ne za mu sa ran gani?

Ɗan Fadama ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan niyya. A ganina babban ruwa ba shi ne wurin da ya fi dacewa a wannan lokaci ba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, a ƙarshen damina take cika, ruwa ya haura ya rufe gaɓa har cikin ciyawa. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke zuwa daga Turai taɓo suke nema, inda za su soka baki su zaro tsutsa, kuma taɓon ba ya bayyana sai ruwa ya fara ja da baya. Bugu da ƙari, bayan marka ko'ina akwai ruwa, kowane kududdufi ya cika, saboda haka tsuntsayen ruwa sukan warwatse maimakon su taru wuri guda. Taron da ake ba da labarinsa a bakin madatsu da manyan tafkuna na lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙananan ruwaye suka ƙafe.

Wannan ba ya nufin a zauna a gida. Fadamar Kwalkwalawa da ke kan hanyar jami'a, da Tafkin Kware, da gonakin shinkafa na Wurno, duk sun fi amfani ga ɗalibi a yanzu. Da sassafe za ku ga balbela tana bin shanu, da zalɓe a tsaye cik a bakin ruwa, da kirinjijiya tana wucewa garke-garke tana fito, wani lokaci har da ɗinya. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shi zai fara ganinku, ya tashi yana kururuwa a kanku. Abin da na fi so a nuna wa yara shi ne ɗan tsuntsun nan da namijinsa ke rikiɗa ya zama ja wur, cikinsa kuma baƙi, a damina: yakan hau kan karan gero, ya kumbura gashin wuyansa, ya yi ɗan gajeren tashi a kan ciyawa yana kare wurinsa daga sauran maza. Da kaka ta wuce sai ya zubar da wannan ado ya koma ruwan ƙasa kamar macen, har mutum ya rantse ba shi ba ne. Baƙin Turai na farko za ku iya cin karo da su ɗaya-ɗaya a gefen kwamin shinkafa, amma yawancinsu sai daga Oktoba.

Baba na Wurno ya amsa:

Ɗana, ni manomi ne, kuma jikana ne yake rubuta mini wannan. Na ji daɗi da yara za su san tsuntsayen ƙasarsu, amma ina roƙon ka tuna cewa lokacin da ka zaɓa shi ne lokacin da hankalin manomi ya fi tashi. Gero ya fitar da kai, ana fara cin tumu, shinkafa kuma tana gab da ɗaukar ciki, kuma a daidai nan ne tsuntsun nan jan baki yake sauka. Wanda bai taɓa ganin garkensa ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso daga gabas, amma idan ya sauka a gona da hantsi, kafin azahar zangarniya ta koma fanko. Shi ya sa za ka tarar da yara tun asuba a kan rumfa, sun ɗaura gwangwanaye a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, suna ja suna ihu.

Idan kun zo, ku fara gaida mai gari, ku faɗi abin da ya kawo ku, a haɗa ku da wanda ya san hanya. Baƙo da madubin hangen nesa a wuya yana leƙen gonaki, a halin da ake ciki yanzu, abin tsoro ne ga mutanen ƙauye. Kada yara su ratsa cikin shuka, su bi kunya da gefen kwami, kuma su sa takalmi mai rufi saboda macizai sun yawaita a ciyawa. Ku fito da zarar gari ya waye, domin da rana ta ɗaga zafin agazari yakan sa tsuntsu ya shige inuwa ya yi shiru.

Malama Mai Lissafin Tsuntsaye ta amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni abin da zan ƙara shi ne, Malam, kada ɗokin baƙin Turai ya sa a manta da masu tafiya. Shamuwa, wadda ke zuwa mana da ruwan farko ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, a ƙarshen damina take haɗa garke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Idan ɗalibai suka riƙa rubuta ranar da suka ga shamuwa ta ƙarshe a unguwarsu, da ranar da suka ga ta farko a shekara mai zuwa, sun fara aikin da masana ke buƙata, kuma ba su kashe ko kwabo ba.

Akwai shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. An raba ƙasa zuwa ƙananan murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a kowane gefe, mutum ya shafe aƙalla awa 2 a cikin guda yana shigar da duk tsuntsun da ya gane a manhajar BirdLasser. Yankinmu na arewa maso yamma yana buƙatar masu aiko da bayani, don haka ko hasbiya da hankaka da cilakowa kuka rubuta, yana da amfani. Wanda ya fi damuna shi ne gauraka. Iyayenmu sun san ta sosai a fadamun nan, amma kamu don sayarwa da mayar da fadama gona sun sa ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya. A damina take yin ƙwai cikin ciyawar ruwa, saboda haka idan Allah ya sa kun gan ta, ku tsaya daga nesa, kuma kada a yaɗa ainihin wurin a Facebook.

Malamin Kimiyya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Malama da Ɗan Fadama. Za mu fara da Kwalkwalawa tun da tana kusa, sannan Kware. Shin ya kamata in ajiye batun Goronyo zuwa hunturu ke nan?

Ɗan Fadama ya amsa:

Haka ne, Malam, kuma ko a hunturun sai ka bincika halin tsaro a hanyar gabashin jihar daga bakin mutanen wurin kafin ka ɗauki 'ya'yan mutane. Ko a Kwalkwalawa ma ka sa kunne kan sanarwar sakin ruwa daga madatsar Goronyo, domin Gulbin Rima yakan tumbatsa cikin ɗan lokaci a Satumba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010 wadda ta yanke hanyar jami'a. Ku tsaya a kan tudu ko gefen titi, ku ɗauki 'yan kaɗan a kowace fita domin hayaniya ba ta barin tsuntsu ya zauna, kuma kowane ɗalibi ya zo da littafin rubutu da fensir.