Wayata ta ce waje ya cika, in sayi memori ne ko akwai wata dabara?

Manomin Auyo:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin waya a taimaka min. Ina da itel mai giga 32, na saye ta bara kuma gaskiya ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai yanzu da muka shiga aikin rani. Manhajar bankin da nake tura kuɗin taki da na man injin ban ruwa ta ce sai na yi mata ofdet kafin ta buɗe, na shiga Play Store na danna sai ta ce wai babu isasshen waje, alhali abin da za a sauke bai kai mega 100 ba kuma wayar tana nuna min ina da saura mega ɗari huɗu da wani abu, to ina lissafin yake? Na goge gem ɗin da yara suka saka, na goge hotuna ba adadi, amma kamar ban yi komai ba, da safe in ga waje ya ɗan samu kafin la'asar ya koma gidan jiya. Yanzu ko hoto kamara ba ta yarda ta ɗauka. Wani ya ce in bari ranar Lahadi in je Gujungu in sayi memori mai giga 64, wani kuma ya ce a'a filashin za a yi mata. Ni dai tsorona kar a share min lambobin mutane da hotunan rasit ɗin da dillalan shinkafa suke turo min, don da su nake kafa hujja in an zo lissafi. Wanne zan yi?

Mai Caji Taura:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka bari kowa ya yi maka filashin, ba ciwon ba kenan. Ni shagon caji da turi nake da shi, kullum sai an kawo min irin wannan, kuma kusan duk wadda na buɗe ɓarawon ɗaya ne, WhatsApp. Mutane suna ta goge manhajoji 'yan mega ashirin talatin suna barin inda gigogin suke kwance.

Ka shiga WhatsApp ɗinka, ɗigo ukun nan na sama, Setin, ka nemi inda aka rubuta Storage and data, sai Manage storage. A nan zai jero maka komai, akwai wajen fayilolin da suka wuce mega 5, akwai na waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, a ƙasa kuma ga sunan kowane guruf da nauyin da ya ɗora maka. Na rantse za ka sha mamaki, guruf ɗin 'yan siyasar mazaɓa ko na tsofaffin ɗalibai shi kaɗai sai ka ga ya haɗiye giga biyu uku, bidiyo ɗaya na wani yana zage-zage a taro an turo shi a guruf huɗu, ga na barka da Juma'a mai fulawa yana juyawa, ga wa'azin da ba ka taɓa buɗewa ba. Ka zaɓa ka goge a nan, rubutun hirarku ba zai taɓu ba. Rasit ɗin dillalanka kuwa kafin ka fara ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka danna musu tauraro don ka gane su kar hannu ya kai kansu.

Abin da ya sa kake gani da safe waje ya samu kafin la'asar ya cika, wayarka ce take sauke duk abin da aka turo da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. A wannan shafin dai akwai Media auto-download, ka cire alamar da ke kan hoto da bidiyo da odiyo da takardu duka, na data da na wayfay. Daga ranar sai abin da ka danna da yatsanka zai shigo, kuma datarka ma za ta riƙa daɗewa, wannan riba biyu kenan.

Sai na biyu, wanda mu masu turi mu ne sila hhh, Xender. Duk fim ɗin da aka tura maka ko waƙa ko tafsiri yana zaune a foldar Xender, har da manhajojin da wani ya tura maka ka saka, kwafinsu na nan bai tafi ba ko da ka goge ita manhajar. Ka shiga File Manager ka duba. Fim ɗin Indiya mai fassara guda ɗaya ya fi duk hotunan da ka ce ka goge nauyi. Kuma su hotunan ma ina kyautata zaton ba su fita ba, yawancin wayoyin yanzu in ka goge hoto kwandon shara yake komawa ya yi kwana 30 kafin ya fita da kansa, ka shiga galari ka nemi kwandon ka zazzage shi.

Akwai wata folda kuma da ba kowa ya santa ba, cikin WhatsApp Video da WhatsApp Images akwai wata ana ce mata Sent, duk abin da kai ka tura wa wani akwai kwafinsa a ciki kuma ba ya fitowa a galari, shi ya sa ba ka ganinsa. In wayarka Android 11 ce ko sama da haka sai ka bi ta foldar Android, sannan media, sannan com.whatsapp kafin ka same ta.

Ɗan Autan Gwaram:

Hhhh Baba ka sayar da buhu biyu kawai ka ɗauko mai giga 128 ka huta, giga 32 a wannan zamanin ai wahala ce

Manomin Auyo:

Ɗan Auta buhun da ba a girbe ba? Shinkafar ko ciki ba ta yi ba tukuna. Mai Caji na gode Allah ya saka da alheri, bari in dawo gida daga fadama in zauna a kai.

Malama Uwar Biyu:

Slm. Duk abin da Mai Caji ya faɗa haka ne, ni abu ɗaya zan ƙara saboda na ga ya ci mutane da yawa a nan ƙauyenmu, har da abokiyar aikina a firamare. In ka shiga Setin na waya, wajen manhajoji, ka buɗe kowace za ka ga maɓalli biyu kusa da juna, ɗaya Clear cache ɗaya Clear data, wani lokacin a rubuta Clear storage. Na farkon ba komai, tarkacen da manhaja take tarawa ne don ta riƙa saurin buɗewa, ka share na Facebook da TikTok da Chrome za ka samu waje nan take, sai dai ka sani zai sake taruwa. Na biyun kuwa shi ne mai haɗari, yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta. Ita wannan baiwar Allah ƙaninta ne ya danna mata shi a WhatsApp wai yana gyara, ga shi layin da ta yi rajista da shi ya daɗe da ɓata, lambar da za a turo ta shiga ba ta da inda za ta karɓa, haka ta rasa guruf ɗin adashinsu da komai. To dan Allah Malam a kan manhajar banki da WhatsApp kar ka kusanci na biyun sai in layin yana cikin wayarka kuma kana tune da lambar sirrinka.

Sannan Facebook babba ka cire ka saka Facebook Lite, TikTok ma akwai Lite, ga mu da netwok ɗinmu sai an hau tudu ai su ne daidai da mu.

Batun lambobin mutane kuma, ka duba ko a kan Gmail ɗinka suke ajiye ko a kan waya, in a Gmail suke ko wayar ta faɗa rijiya suna nan. Google na ba kowa giga 15 kyauta, amma a ciki ne Gmail da Drive da Google Photos suke tarayya, tun watan Yuni 2021 suka daina ba da wajen hotuna mara iyaka, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ma a cikin giga 15 ɗin ake lissafa ta. Ni rasit da takardun makaranta kawai nake ɗorawa, bidiyon biki ba na kai shi can, wa yake da datar?

Injiniya Ba Satifiket:

Ina karatu a Dutse amma ɗan Ringim ne ni, bari in amsa tambayar lissafin da Baba ya yi tunda ba wanda ya taɓa ta. Mega 100 da Play Store ya nuna maka a dunƙule take, sai an sauke an warware ta, kuma a lokacin tsohuwar tana nan ba a cire ta ba, ga shi ita kanta Android tana riƙe wani waje da ba ta yarda a taɓa don kar wayar ta sanƙare. Shi ya sa mega ɗari huɗu ba ta isa. Ka yi ƙoƙari kullum ka bar kamar giga biyu a sake. Kuma giga 32 da aka rubuta a kwali ba duka ne naka ba, tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun ci rabonsu tun kafin a buɗe kwalin. Waɗanda suka zo da ita ba sa goguwa, amma wasu ana iya danna musu Disable su kwanta.

Wani abin da yake rikita mutane, RAM daban wajen ajiya daban, duka muna ce musu memori. Wajen ajiya shi ne rumbu, RAM kuma tabarmar da kake shanya abin da za ka yi aiki da shi yanzu. Wasu wayoyin Tecno da Infinix da itel na baya-bayan nan suna da abin da suke kira MemFusion, wai ƙarin RAM, to daga rumbun ake yankowa a ƙara wa tabarmar. In taka tana da shi kuma a kunne yake, ka kashe ka sake kunna wayar, wajen da ya riƙe zai dawo.

A Play Store kuma cikin Setin akwai inda za ka kunna ya riƙa adana manhajojin da ka daɗe ba ka buɗe ba, tun 2023 suka kawo shi, yana cire mafi yawan jikin manhajar ya bar maka bayananka da tambarinta, ranar da ka danna sai ta sake saukowa. Ba kowace manhaja ce take yarda ba dai.

Memori kuwa ka saya, yana da amfani, amma ba zai yi maganin wannan matsalar kai tsaye ba, don WhatsApp ba ya zama a kan memori kuma yawancin manhajojin banki ma haka. Amfaninsa ka kwashe fina-finai da karatu da hotuna ka mayar can, ka kuma saita kamara da Xender su riƙa ajiyewa a kansa. In ka saka shi wayar ta tambaye ka ko ta haɗe shi da na ciki, ni shawarata ka ce a'a ka bar shi na ajiya kawai, domin in ka haɗe ana kulle shi da wannan wayar ne, ba zai buɗu a wata ba, ranar da ya lalace kuma ya tafi da komai. Sannan a yi hattara da jabu, kasuwannin ƙauye sun cika da su, a rubuta 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba, wayar ma 64 ɗin za ta nuna maka, sai ka cika shi ka ga bidiyo sun daina buɗewa.

Waɗannan manhajojin masu hoton tsintsiya da roka da suke cewa za su wanke waya kar ka saka ko ɗaya, talla ce kawai suke cika ka da ita. Manhajar Files ta Google ta isa.

Mai Caji Taura:

Injiniya ka yi bayani amma ka ɗan taka mu, ba kasuwar ƙauye kaɗai ba, jabun memori har birni akwai shi, mu ma ai daga Kano muke sarowa, ko a Farm Centre in ba ka san hannu ba sai a haɗa ka da shi. Alamar farko kuɗinsa, in ka ji mai 64 ana sayar da shi kuɗin mai 8 ka san da magana. Ni yadda nake yi wa kwastoma, a gabansa nake ɗura masa fina-finai har su wuce giga goma sha, sannan mu buɗe na farko mu buɗe na ƙarshe mu ja su zuwa tsakiya, in duk sun yi to lafiya. Malam in za ka saya ka ce wa mai shagon ya yi maka haka kafin ka miƙa kuɗi, in ya fara ƙunƙuni ka yi gaba. Kuma mai 32 na gaske ya ishe ka, ka duba wanda aka zana 10 a cikin da'ira a jikinsa.

Manomin Auyo:

Jama'a Allah ya biya ku. Bayan isha'i na zauna na bi abin da Mai Caji ya ce, guruf ɗin ƙungiyarmu ta manoma shi kaɗai giga uku da ɗoriya, yawanci bidiyon tallan maganin feshi ne da na ambaliyar shekarun baya da ake ta sake turowa, foldar Xender kuwa ashe yaran nan sun cika ta da fina-finai ban sani ba. Yanzu ina da giga tara a sake, bankin ya yi ofdet har na tura wa mai taki kuɗinsa. Malama na ga maɓallan nan biyu, na farkon kawai na taɓa. MemFusion ɗin ban gan shi a tawa ba. Saura abu ɗaya, na ga wata folda Databases a cikin WhatsApp da fayiloli masu suna msgstore sun kai takwas kowanne da kwanan wata, su ma suna da nauyi, in goge ko in bari?

Injiniya Ba Satifiket:

Ajiyar hirarrakinka ce da WhatsApp yake yi da kansa cikin dare. Masu kwanan wata a jikin sunansu tsofaffi ne, za ka iya goge su ka bar na baya-bayan nan guda ɗaya, wanda ba shi da kwanan wata kuma kar ka taɓa shi Baba. Za su sake taruwa, in ka tuna bayan sati biyu ka leƙa.