"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": har da sunan mutum?

Ɗan Autan Gida: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka kwashi 'yan kallo da yayana, lauya ne. Masu bincike sun je ofishinsa suna neman sunan wani da ya ɗauke shi aiki, ya hana. Na ce Yaya, suna ne fa kawai. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waye da gaskiya?

Mai Gilashi: Kai ma ka ɗora karin maganarka a inda ba gurbinta ba. Wankan ai a ofishin lauya ake yin sa, can mutum ke tuɓewa ya faɗi komai don a kare shi. In ya san za a kai gaba, wa zai buɗe baki?

Baƙin Alƙalami: Amma ku bambanta. Abin da doka ta rufe shi ne zancen da aka yi don neman shawarar shari'a. Suna shi kaɗai, kotunan Ingila da Amurka galibi ba sa ɗaukar sa sirri. Sai in faɗin sunan zai tona zancen. Wani lauya a Amurka, Baird, da ya aika wa hukumar haraji dala dubu 12 da ɗoriya a madadin wasu da suka ƙware ta, ya ƙi faɗin waɗanda suka aiko shi, a 1960 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya.

Uwar Biyu: Wayyo, kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. An taɓa sace wa maƙwabcinmu kuɗi, aka yi cigiya har aka gaji. Bayan kwana uku, da asuba, sai ga ta ta kai masa ƙullinsa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ya ce Inna, wa ya ba ki? Ta ce kuɗinka ka yi cigiya ko mutum? Ya kawo 'yan sanda, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ce ita tsufa ya cinye mata sunaye. Matar da ta san ranar haihuwar kowane jika! Shekara 20 ana lallaɓa ta. Ranar da za ta cika, kawunmu ƙarami ya fi kowa kuka, ni dai ban ce komai ba.

Mai Gilashi: Hajiya, ai kin gama faɗa.

Na Gefe: Wasu manyan namu kuwa cikinsu don tuwon kaɗai aka yi shi. Da an ce bincike sai ciwo ya tashi, a shigo da su kotu a kan gadon asibiti da lauya 30.

Baƙin Alƙalami: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kuma tun 1884 kotu a Ingila ta yanke cewa wanda ya je wa lauya don a tsara zamba ba shi da rufin asiri.

Malam Ƙarami: Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa. Amma ɓoye shaida ma an hana. Inna dai ta mayar da haƙƙi tukuna.

Ɗan Autan Gida: To ni in ba Yaya haƙuri ko kuwa?

Na Gefe: Shi wanda ake ɓoyewan, ya mayar da ƙullin?

Uwar Biyu: Don Allah kada wanda ya kai wa kawu wannan zancen, yana karatu a waya.