Muhawara: An cire wa agogon Baba sarƙarsa

Magaji: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Agogon mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, Rolex Submariner mai lamba 5513, tun ina yaro nake ganinsa a hannunsa. Ya fara ja da baya, sai na kai wa wani mai gyara ya wanke injin. Da na je karɓa na tarar an cire masa sarƙarsa, irin mai ƙananan ƙusoshi a gefen nan, an maƙala masa wata mai sheƙi. Wai tsohuwar ta saki, taimakona ya yi. Na ce to ina tsohuwar? Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa. Ni abin da na sani, a tsohon agogo irin wannan sarƙar asali rabin darajarsa ce. An ɗauke mini rabin gado an sa mini jabu.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Juya sarƙar ka karanta mana lambar da ke bayan gaɓar ƙarshe, da wadda ke jikin bakin da ya shiga agogon.

Magaji: 93150 a gaɓar, 580 a bakin. Tsohuwar kuwa ina da hotonta, 7206 ce, bakinta 80, a cikin makullin an buga 2 da 68.

Mai Gyara: To ɗan'uwa ka janye kalmar jabu. 93150 sarƙar Rolex ce ta gaskiya, kuma ta Submariner ce, da bakin 580 ɗin da ya dace da ita. Gaɓoɓinta dunƙulallun ƙarfe ne. Taka ta da falle-fallen ƙarfe ne aka haɗa da ƙusa. Ka riƙe irin wannan agogon a gicce ka ga yadda sarƙar ke lanƙwashewa ƙasa, saboda datti da gumi sun cinye fil ɗin da ke ciki. Ranar da fil ɗaya ya karye kana kan babur, agogon gaba ɗaya ya tafi. Ku daina ɓata mana sana'a da kalmar da ba ku auna ba.

Ɗan Deira: Lamba ba hujja ba ce, maigida. Masu jabu ma suna buga lamba, har da kambin da ke tambarin Rolex. Na gansu da idona a kasuwa, sai ka sa madubi kafin ka gane.

Mai Gyara: Ka ga wannan ɗin ne da idonka?

Ɗan Deira: Kai ka gani?

Ɗalibi: Ni a fahimtata duk abin da ba nasa ba jabu ne a jikinsa. 2 da 68 na nufin zango na biyu na shekarar 1968. Ita kuwa 93150 sai cikin shekarun 1970 ta fito. Agogon 1968 da sarƙar da ba a ƙirƙiro ba tukuna, me za a kira shi?

Mai Gyara: A kira shi agogon da aka canja wa sarƙa. Su kansu Rolex idan ka kai musu gyara suna canja kayan da suka lalace su sa sababbi. Su ma jabu suke sawa?

Ɗalibi: Ai shi ya sa masu tara tsofaffin agogo ke tsoron kai musu.

Alhaji Babba: Yara ku saurara. Kuna ta jabu da asali, alhali ba ku san wanda ya ƙera sarƙar ba. Shekaru da yawa Rolex ba ita ke ƙera sarƙoƙinta ba. Akwai wani kamfani a Janiba ta ƙasar Suwizalan, Gay Frères, wanda aka kafa tun 1835, shi ne babban mai yi mata. Shi ya yi wa wasu kamfanonin agogo ma: ya yi wa Audemars Piguet sarƙar Royal Oak ta 1972, ya yi wa Patek Philippe ta Nautilus a 1976, ya yi wa Zenith mai kama da tsani ɗin nan. Sai a 1998 Rolex ta saye shi ɗungurungum. A Amurka ma, saboda harajin kwastan, agogon kan shiga a sa masa sarƙar da aka yi a can, za ka ga an buga sunan kamfanin C&I a makullin. Duk waɗannan asali ne. To wanda ya ce duk abin da bai fito daga hannun Rolex ba jabu ne, ya rushe har da 7206 ɗin da yake kuka a kai.

Ɗalibi: Allah ya ƙara girma Alhaji, ba haka na ce ba. Na ce wanda ba na zamaninsa ba.

Alhaji Babba: Na karanta abin da ka rubuta. Ina ɗaura agogon nan tun kafin a yi maka suna.

Ɗan Omega: Ku 'yan Rolex dama haka kuke, ƙarfe kaɗan sai a tada hankalin duniya. Speedmaster ta kamfanin Omega ta je duniyar wata a 1969 a hannun Buzz Aldrin, da dogon madaurin ƙyalle mai mannewa a kan rigarsa. 'Yan sama-jannatin ma da yawa cire sarƙar Omega suke yi su sa ta kamfanin JB Champion. Wa ya ce agogonsu jabu ne?

Ɗan Deira: Wa ya kira ka? Je ka nemi tsohuwar sarƙar Omega mai lamba 1039 mai lafiya ka ji farashi, sannan ka dawo ka ce ƙarfe kaɗan ne.

Ɗan Omega: Ka ga kai ma ka yarda Omega na da daraja.

Mai Gyara: Maganar rabin daraja ma ba ta da tushe. Rolex Daytona ta ɗan wasan fim Paul Newman da kamfanin gwanjo na Phillips suka yi gwanjonta a New York a Oktoban 2017 ta tashi dala miliyan 17.8, kuma madaurin fata ne a jikinta. Ina sarƙar?

Ɗalibi: Sunan mai ita aka saya, ba ƙarfen ba.

Mai Gyara: Dai dai, ashe ba sarƙa ba ce daraja. Fuska da jiki da inji su ne agogo.

Ɗan Deira: Amma duk da haka 7206 mai lafiya ta fi 93150 tsada a yau, kai ma ka sani. Da wadda aka sa ta fi, me ya hana a miƙo masa tsohuwar a leda? Magaji, idan ba ta fito ba ka yi mini magana ta gefe, ina da hanyar samo irinta.

Mai Gyara: Yauwa, yanzu ka fito. Tun ɗazu kasuwa kake nema. Kai ne mai cewa ana buga lambar ƙarya, kai ne kuma za ka samo masa ta 1968?

Ɗan Deira: Ka iya bakinka. Ban taɓa sayar wa kowa a nan abin da ya dawo da shi ba. Ku masu gyara ne ake kawo wa kaya da sarƙa su fita babu.

Ustaz: Tunda ana maganar sarƙa, ina tunatar da 'yan'uwa maza cewa zinariya ba ta halatta gare mu ba. Na ga wasu na sa hoton Rolex Day-Date mai sarƙar zinariya da ake kira President suna yabo.

Alhaji Babba: Malam, ta ƙarfe ake magana.

Ustaz: Na sani Alhaji, amma sarƙar Rolex ɗin nan Jubilee mai ruwa biyu fa? Tsakiyarta zinariya ce. Mutane na ɗauka ado ne kawai.

Ɗan Omega: Idan mutum ya saya ya ajiye bai ɗaura ba fa, Malam?

Ustaz: Wannan wata mas'ala ce, har da zakka a ciki. Zan yi rubutu daban.

Alhaji Babba: Jubilee tun 1945 take, ta fito tare da agogon Datejust lokacin da kamfanin ya cika shekara 40. President kuma 1956. Kafin a yi hukunci a san tarihi.

Ustaz: Tarihi ba ya halatta haram, ranka ya daɗe.

Hajiya: Ku yi haƙuri in sa baki. Bawan Allah nan bai tambaye ku tarihi ba. Magaji, ka ɗauki hoton nan mai nuna 2 da 68, ka tafi da wani babba daga cikin 'yan kasuwar, ka ce a ba ka sarƙarka ko da a tsinke take. Ana gyara irinta, a canja fil ɗin a matse gaɓoɓin. Kayan marigayi ne, kuma idan akwai sauran magada su ma suna da haƙƙi a ciki.

Ɗalibi: Hajiya, ke a ganinki jabu ce ko ba jabu ba?

Hajiya: Ban gan ta ba, ƙanena.

Magaji: Na gode Hajiya. Wallahi ko da ba ta kai kwabo ba ina son abata. Baba idan zai yi alwala cire agogon yake ya ajiye a kan tabarma, ƙarar sarƙar nan har yanzu tana kunnena. Wannan sabuwar nauyi gare ta, ba ta motsi, ba tasa ba ce.

Mai Gyara: Allah ya jiƙansa. Amma dai har yanzu ba ka janye kalmar ba.

Ɗan Deira: Kada ka janye.

Shugaban Zaure: To jama'a ya isa haka, zan rufe. Abin da aka tsayar: 93150 sarƙar Rolex ce, don haka kiranta jabu kuskure ne, kuma Alhaji Babba ya kawo hujjar da babu wanda ya iya tunkara. An kuma nuna da misalin gwanjon 2017 cewa sarƙa ba rabin daraja ba ce. Masu gyara mutanenmu ne, shekaru muna hulɗa da su, bai kamata a zo nan a yi musu kuɗin goro ba, kuma ni a ganina wanda ya sa wa agogo sarƙa mai ƙarfi ya kyauta masa. Talla a cikin muhawara an hana, wanda ya yi ya san kansa. Batun tsohuwar sarƙa tsakanin Magaji ne da mai gyaransa, su sasanta a can. Ustaz, muna jiran rubutun zinariya ranar Juma'a.